Gini, Aure da Katako: Tasirin Kasuwar Gidaje a kan Bukatar Kayan Ɗaki, Nazari daga Randagi

Tsakure

Masana tattalin arziki a Amurka da Turai sun daɗe da lura cewa cinikin kayan ɗaki yana bin sawun cinikin gidaje: shekarar da aka sayi gidaje da yawa, a shekarar ake sayen gadaje da kujeru da yawa. Wannan maƙala ta gwada wannan fahimta a ƙasar Hausa, ta kafa ƙafa a gundumar Randagi ta masarautar Birnin Gwari. Ta nuna cewa alaƙar tana nan a wurinmu, sai dai ta aure take ratsawa, domin ango ke samar da ɗaki, iyayen amarya kuma su cika shi. Ta kuma nuna cewa wuri irin Randagi ya fi jin motsin kasuwar gidaje ta ƙasa a jikin dajinsa, ta hanyar sarar itace, fiye da yadda yake jin sa a shagon kafintan garin.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a lokacin da take biyuwa ya san irin lodin da ke kai-komo a kanta. Motocin da suka nufo Kaduna suna ɗauke da buhunan masara da gawayi da katako. A cikin waɗanda suka nufi yamma kuwa, musamman bayan kaka, ba a rasa a-kori-kura da aka ɗaure wa katifa a sama, ga fuskar gado an naɗe da kwali, ga madubi wata gwaggo ta rungume a kujerar gaba don kada ya fashe. Itace yana fita ɗanye, kayan ɗaki suna shigowa a ƙere. Me ke motsa waɗannan lodi biyu, kuma mene ne hannun ginin gidaje da cinikinsu a faɗin ƙasa a ciki? Tambayar da maƙalar ta sa gaba ke nan.

Randagi gunduma ce a yammacin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, ƙaramar hukumar da faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutane sama da 250,000. Ƙaramar hukumar tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. A cikinta Dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana ta wajen Zamfara. Jama'ar yankin manoma ne: masara, dawa, shinkafa, waken suya. A Randagi babu bankin lamunin gida, babu dillalin gidaje mai ofis da allon talla. Wani zai ce to me ya kawo ta cikin zancen kasuwar gidaje ta ƙasa? Dalilin shi ne, ra'i an fi sanin ƙarfinsa idan aka kai shi inda zai sha wuya. Maƙalar ta dogara da binciken da aka riga aka wallafa, da manufofin gwamnati da aka bayyana a fili, da al'adar aure da gini wadda muka tashi a cikinta.

2.0 Abin da aka gano a wasu ƙasashe

A Amurka aka fi auna wannan alaƙa, domin a can kusan duk gidan da aka fara ginawa ko aka sayar yana shiga lissafi. A 2005 an fara ginin gidaje sama da miliyan 2 a ƙasar. Da kasuwar ta rushe, a 2009 adadin ya faɗo zuwa wajen 554,000. Masu sayar da kayan ɗaki suna cikin waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Kamfanin Levitz, wanda ya kusa shekara ɗari a sana'ar, ya rufe shagunansa a 2008. Tun a 2007 Edward Leamer ya gabatar da takarda a taron shekara-shekara na shugabannin manyan bankuna da ake yi a Jackson Hole, inda ya nuna cewa a mafi yawan lokutan da tattalin arzikin Amurka ya shiga matsi tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, harkar gidaje ce ke fara sanyi tare da cinikin kayan amfani masu daɗewa.

Binciken da ya fi kusa da batunmu shi ne na Efraim Benmelech da Adam Guren da Brian Melzer. Sun gano cewa iyalin da suka sayi gida a Amurka suna ƙara kashe kimanin dala 8,000 a kan kayan gida da gyare-gyare cikin shekara biyun da suka biyo baya, alhali abin da suke kashewa a sauran bukatu bai ƙaru ba. Sun ƙiyasta cewa raguwar sayen gidaje ta jawo kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗuwar cinikin irin waɗannan kaya tsakanin 2005 da 2010. Abin da ke sa a sayi kujera a can shi ne ƙaura. Wanda ya shiga sabon gida sai ya tarar labulensa bai kai tagar ba, falon ya fi ƙarfin kujerunsa, ga ɗakin baƙi babu gado. An sake ganin haka daga baya: kuɗin ruwa na lamunin gida mai shekara 30 ya tashi daga wajen kashi 3 cikin ɗari a 2021 zuwa sama da kashi 7 a 2023, masu tsohon lamuni mai sauƙi suka ƙi sayar da gidajensu, cinikin tsofaffin gidaje ya sauka zuwa wajen miliyan 4 a shekara, abin da ba a gani ba tun tsakiyar shekarun 1990. Masu kayan ɗaki suka koma kukan rashin ciniki.

Wannan tsari ya tsaya ne a kan wasu sharuɗɗa da masu binciken can ba sa ma ambata su, don a wurinsu abu ne sananne. Gida yana sauya hannu sau da yawa a rayuwar mutum. Ana sayen sa a kammale, da bashin banki. Sannan wanda ya sayi gidan shi ne zai sayi gadon. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya cika a Randagi, ko a Kano ma ba su cika sosai ba.

3.0 Kasuwar gidaje a Nijeriya

Nijeriya ba ta rasa hukumomin gidaje ba. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ya samo asali daga wata ƙungiyar gini da aka kafa a 1956, ya ɗauki sunansa na yanzu a 1977. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. Gwamnatin Shehu Shagari ta gina rukunonin gidaje masu sauƙin kuɗi a jihohi, waɗanda har yau ake kira gidajen Shagari. Dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta tanadi a riƙa cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, shi kuma ya samu damar karɓar lamuni a kan ruwa kashi 6. A Fabrairun 2024, Ahmed Musa Dangiwa yana ministan gidaje, Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja.

Duk da wannan jerin gwano, jimillar lamunin gidaje a ƙasar ba ta kai kashi 1 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, samun takardar mallaka da sa hannunsa kuma yana cin kuɗi da lokaci. Kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ga kuma Musulmi da yawa da ko an ba su ba za su karɓi bashi mai riba ba, lamarin da bankuna marasa ruwa irin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, suka shigo don cikewa amma har yanzu ba su kai ga talaka ba. Hatta giɓin gidajen da ake yawan ambata ana jayayya a kansa. Babatunde Fashola, lokacin yana ministan ayyuka da gidaje, ya fito fili ya ce adadin miliyan 17 da ake yayatawa ba shi da tushe.

Saboda haka mafi yawan gidajenmu da hannu da baki ake gina su. Mutum ya sayi fili a bayan gari, ya zuba bulo kaɗan don kada a ci masa iyaka. In ya samu wani abu ya kai gini linta. In ya sake samu ya rufa ɗaki biyu, ya sa ƙofa, ya kwashi iyalinsa su shiga, sauran ginin kuma ya jira hali. Mai irin wannan gini ba ya shiga da sabuwar kujera. Tsofaffin kayan matarsa ake lodawa a kai, domin kuɗin sun ƙare a siminti da kwano. A farkon 2024, da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu wurare bayan yana wajen rabin haka a shekarar da ta gabata, duk mai gini a hannu ya ajiye maganar kujera gefe. Ashe ke nan a wurinmu gini da kayan ɗaki sukan yi kishi a aljihu ɗaya, akasin Amurka inda ɗaya ke jan ɗaya.

Suna kishi a kasuwar katako ma. Kafin a yi maganar gado, gini ya riga ya ci itace: tubaifo da tubaitu na rufi, falankin zuba kankare, katakon sili, ƙyaure da madogararsa. Kafintan rufi da kafintan kujera a layi ɗaya suke saye, a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko a kasuwannin katako na Kaduna, kuma da rani, lokacin da gini ke tashi, farashi yana tashi wa kowa.

Ba ina cewa tsarin can ba ya aiki ko kaɗan ba ne. Yana aiki a rukunonin gidajen Abuja, da sababbin unguwannin Kaduna irin Millennium City, da otal-otal da gidajen saukar baƙi na kwana-kwana, inda ake miƙa mabuɗi a kammale. Amma wannan ɓangare ƙarami ne, kuma wanda ya auna ƙasa da shi zai yi kuskuren lissafi.

4.0 Ɗakin amarya

A ƙasar Hausa babban mai sayen kayan ɗaki shi ne uban yarinya. Shari'a ta ɗora wa miji samar da muhalli. Malaman Malikiyya kuma sun ce mace ta yi wa kanta kayan ɗaki gwargwadon al'ada daga sadakin da ta karɓa, ba a tilasta mata fin haka. Al'ada ta wuce nan nesa: yau abin da uba ke kashewa a kayan ɗaki yakan ninka sadaki sau da yawa, kuma uwa tun yarinya na ƙarama take tara mata kwanuka. Enid Schildkrout, a binciken da ta yi a Kano a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda ribar tallar 'yan mata ke tafiya ga wannan tanadi. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna cewa kayan ɗaki dukiya ce da mace ke mallaka ita kaɗai, kuma shaida ce ta yawan dangi da ƙawayen da suka tsaya mata.

Kayan sun sha sauyawa. An yi zamanin gadon kara da gadon ƙasa da jeren ƙorai. Aka zo zamanin gadon ƙarfe mai rumfa da tasa da kwalla da samira. Kamfanin Mouka da muka sani da katifa ya faro ne a Kano a 1959, daga masana'antar iyalan Moukarim mai ƙera gadajen ƙarfe. Yanzu kuma sai gado da sif da madubi da durowar gefe da saitin kujeru, in da hali a ce 'yan Turkiyya ne. Abin da bai sauya ba shi ne wanda ke biya da kuma lokacin da ake biya.

To ta ina kasuwar gidaje ke shigowa? Ta wajen zuwa ganin ɗaki. Bayan an sa rana, sai iyayen amarya mata, gwaggo da inna da wata yaya, su je gidan da ango ya tanada. Sukan tafi da kafinta ko mai labule, riƙe da tef ɗin awo. A ƙirga ɗakuna, a auna bango, a duba ko ƙofa za ta shigar da sif, a ƙirga tagogi. Daga wannan ziyara ake yanke abin da za a saya. In ciki da falo ne, gado ɗaya da saiti ɗaya sun wadatar. In ango ya kama gida mai ɗakin kwana biyu da wurin cin abinci, to uban yarinya ya shiga uku: gado biyu, katifa biyu, teburin cin abinci, kabet ɗin kicin, labule na kowace taga, domin barin ɗaki fanko abin kunya ne ranar jere, lokacin da dangin ango za su shigo kallo. Mai ginin haya da ya yanke shawarar yin filat maimakon ɗakuna a jere bai san uban yarinyar ba, amma shi ya yanke masa yawan bashin da zai ci. A ganina wannan ita ce hanya mafi ƙarfi da kasuwar gidaje ke bi ta taɓa bukatar kayan ɗaki a biranenmu, kuma siffar gida ta fi yawan gidaje tasiri a cikinta.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin haya. Mai gida yana neman na shekara a dunƙule, wani lokaci har da na dillali da na ajiya. In ango ya kasa haɗawa sai a ɗaga biki, ko a ɗaura aure a jinkirta tarewa. Kafinta da aka ba kafin alƙalami ya gama gado, gadon ya zauna yana shan ƙura a gaban shago, cikon kuɗinsa ya maƙale. Ƙarancin gidan haya a Kaduna ko Kano yana rage aikin kafinta, ko da babu wanda ya sayi gida ko ya sayar.

Shi ya sa kalandar kafinta ta fi kama da ta liman mai ɗaura aure. Aiki yana cunkushewa a watan Sha'aban, lokacin da kowa ke son a tare kafin azumi, da bayan salla, da bayan kaka. Gwamnati ma da ta shigo kasuwar kayan ɗaki da ƙarfi, ta ƙofar aure ta shigo: auren zawarawa da Hukumar Hisba ta Kano ta fara a 2012 zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, da auren gata na ma'aurata 1,800 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta yi a Oktoban 2023, inda aka ba kowace amarya gado da katifa. Oda ɗaya ta gado 1,800 ba ƙaramin abu ba ne ga kafintocin gari.

Sannan kayan na mace ne. In aure ya mutu da su take tafiya, in za ta sake aure a yi musu kwaskwarima ko a sayar a ciko a sayi sababbi. In miji zai ƙara aure, sabon ɗaki ne da sabon jere, kuma sau da yawa dangin uwargida sukan sabunta mata nata don kada a raina ta. Duk wannan ciniki ne da ba ya bayyana a alƙaluman gidaje.

5.0 Dala a cikin gado

Wani abu da ya kamata a faɗa a gurguje: gadon zamani da muke gani mai sheƙi, mafi yawansa ba katakon daji ba ne. Allon MDF ne da filawud, da soso da yadi da hannuwa da ƙusoshi, kuma da yawansu daga Sin da Turkiyya ake shigo da su. A Yunin 2015 Babban Banki ya hana kaya 41 samun dala a farashin gwamnati. A cikinsu akwai kayan ɗaki da filawud da allunan garin katako da ƙofofin katako, har da kwanukan jere. Wannan ya buɗe wa kafintocin gida kasuwa, a Panteka ta Kaduna da sauran wurare, amma ya tsadar musu da kayan aiki. An ɗage hanin a Oktoban 2023, sai dai a lokacin an riga an cire tallafin man fetur a Mayu, an saki naira a Yuni, tsadar kaya kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya: iyaye suka koma rage saiti, ko sayen na hannu daga dillalai, ko neman kafinta ya yi da katakon gida mai araha. Wannan na ƙarshen shi ke mayar da mu daji.

6.0 Randagi: kaka da tsaro

A Randagi saurayi ba ya neman gidan haya. A gidan ubansa ake yanka masa wuri, a buga tubali da rani, abokai su taya shi ɗora gini, ya sayar da masara ya sayo bandir ɗin kwano da katakon rufi. Uban yarinya shi ma masarar zai sayar ya yi kayan ɗaki. Gini da gado a nan uwa ɗaya ta haife su, wato kaka. Shekarar da amfani ya yi kyau kuma ya yi daraja, ɗakuna suna tashi, aure yana yawa, kafinta ba ya barci. Kuɗin ruwa na Babban Banki ba ya isowa nan sai ta farashin taki da kwano.

Abin da ya karya wannan tsari shi ne rashin tsaro. Sama da shekara goma yankin yana fama da 'yan bindiga. Harin ƙauyen Gwaska na Mayun 2018, wanda aka kashe mutane fiye da 40, ɗaya ne kawai daga cikin masu yawa. Ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta sha bayyana cewa manoma suna biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu ko su kwashe amfani. Wanda bai tabbata zai kwana a garinsu bana ba, ba ya gini, ba ya kuma sayen abin da ba zai iya gudu da shi ba. Mai gudun tsira ba ya ɗaukar sif. Iyalai da dama sun bar ɗakuna a jere suka koma cikin garin Birnin Gwari ko Kaduna, suka cunkusa a ɗakin haya ɗaya, da tabarma da katifa a ƙasa. A kan takarda wannan ƙaura ce, kuma ta ƙara bukatar haya a gari. Amma ƙaura ce da ba ta sayen kujera. Akasin haka ma take yi, domin in aka sace mutum aka nemi kuɗin fansa, bayan hatsi da dabbobi da babur, kayan ɗakin mata suna cikin abin da ake kai wa dillalai.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta yi shekaru a rufe. Duk inda mutane suka koma garuruwansu, aikin farko shi ne rufa ɗakunan da aka ƙone ko suka zube, sannan auren da aka daɗe ana ɗagawa. Dukansu biyu katako suke nema.

7.0 Dajin da ke biyan kuɗin

Dajin Birnin Gwari irin dajin nan ne na doka da maje da taura, da kawo da maɗaci da madobiya da ƙirya. Kafintoci sun san darajar kowanne: maɗaci da kawo don ƙofa da gado mai ƙarko, doka da maje don rufi da ƙashin kujera da yadi zai rufe. Mai inji yana shiga daji da zarto mai mai, ya kayar da itace, ya tsaga shi falanki a nan inda ya faɗi, a ɗauko a kai ko a babur zuwa inda mota ke iya shiga. Irin wannan tsaga tana ɓarnar itace da yawa, domin haƙorin injin yana da kauri kuma rassa da gefe-gefe a daji ake barin su, sai masu gawayi su bi baya. Abin da ke tura mai inji daji kuwa farashin falanki ne a Kaduna da Kano da Abuja, farashin da gine-ginen waɗannan birane ke motsawa. Ta nan kasuwar gidaje ta ƙasa ke isa Randagi kai tsaye.

Misalin da ya fi fito da wannan fili daga nesa ya zo. Shekarun da gine-gine suka bunƙasa a Sin, masu sababbin gidaje suka shiga sayen kujeru da gadaje na jan katako irin na sarakunansu na da. Da itatuwan kudu maso gabashin Asiya suka yi ƙaranci, 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma neman madobiya, wadda masana tsirrai ke kira Pterocarpus erinaceus. Nijeriya ta zama kan gaba wajen fitar da ita, Jihar Taraba kuma ta fi ko'ina jin jiki. A 2016 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido. A 2017 ƙungiyar kare muhalli ta EIA ta fitar da rahoto cewa an shigar da gungume sama da miliyan 1.4 daga Nijeriya zuwa Sin da takardun da aka sa wa hannu bayan kayan sun riga sun tafi. A 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Nijeriya, a taron Panama na 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo na Afirka cikin jerin. Daga baya kasuwar gidajen Sin da kanta ta durƙushe: kamfanin Evergrande ya kasa biyan bashi a ƙarshen 2021, kotu ta ba da umarnin rushe shi a Janairun 2024. A nan gida kuwa, makiyayi ya san abin da aka rasa a daji, domin ganyen madobiya da na kawo su ne abincin shanu a ƙarshen rani, kuma ba a rubuta wannan asara a lissafin kowa ba.

A gida ma gwamnati ta gane alaƙar daji da tsaro. A 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta hana sarar itace don katako da gawayi a wasu ƙananan hukumomi, har da Birnin Gwari, ta hana sayar da mai a jarka, ta dakatar da kasuwannin mako, aka kuma katse layin waya na ɗan lokaci. Don tsaro aka yi, ba don itace ba. Kuma ga abin da ke da nauyin faɗa: shekarun da mutane suka kasa shiga daji, wasu sassansa sun ɗan huta daga zarto, wasu kuma an ci gaba da sara da izinin masu bindiga, kuɗin na shiga aljihunsu. Zaman lafiya, wanda kowa ke roƙo, zai buɗe wa manomi hanya, zai kuma buɗe wa motar katako.

Jihar Kaduna tana da abin da za ta fara da shi. Akwai dajin shuka na Afaka a bakin hanyar Birnin Gwari, kusa da kwalejin tarayya ta koyon aikin gandun daji, akwai na Nimbia a kudancin jihar inda aka daɗe ana shuka tik. Malaina takan isa yanka cikin shekara goma zuwa goma sha biyar, maɗaci kuwa sai ya yi gomman shekaru, don haka katakon rufi da ƙashin kujera ya kamata su fito daga shuka, a bar maɗaci da kawo ga aikin da ya cancance su. Duk shirin gina gidaje dubbai da gwamnati za ta ƙaddamar, ya kamata a rubuta a cikin kwangilar daga ina katakon zai fito. Ga masu bincike kuma, wanda ke son hasashen aikin kafinta a wannan yanki ya tattara farashin masara a kasuwar Birnin Gwari, da yawan auren da ake ɗaurawa a masallatan Juma'a, da kuɗin hayar ciki da falo a Kaduna, da farashin falankin maɗaci a 'yan katako, wata bayan wata, ya jera su gefe da gefe na tsawon shekara biyar.